Haɓar Kadar Kawu a Birnin Mosko

Tun da na dawo daga Rasha ban sha shayi da zafinsa ba a majalisarmu ta Ƙofar Marusa a Katsina. Da na ɗaga kofi sai wani ya ce, "Malam Kabir, wai da gaske ne in ka tofar da yawu kafin ya kai ƙasa ya daskare?" Wani kuma yana so ya ji ko suna da masallaci. Amma tambayar da ta fi yawa ita ce abin da ya sami kunnen Malam Sada. Shi ba ya ba da amsa, in an matsa masa sai ya ce a tambaye ni. Don haka na ga gara in rubuta sau ɗaya in huta. Na nemi izininsa, ya ce in rubuta, amma kada in rage nawa laifin. Ban rage ba.

Mu biyu gidan rediyonmu ya tura kwas na wata uku a Mosko, 'yan watanni bayan sojoji sun koma bariki an rantsar da gwamnatin farar hula. Ni ina sashen labarai. Malam Sada shi ne mai kula da na'urorin ɗaukar magana. Ya girme ni da shekara goma sha biyar, ɗan unguwar Gobarau ne, kuma ɗan gidan malamai. Kunnensa shi ne sana'arsa. Na sha ganin ya tsayar da ɗaukar shiri ya ce akwai fanka tana juyawa a wani ɗaki, a je a duba a tarar haka ne.

Wanda ya tuna lokacin ya san yadda hula ta yi daraja. 'Yan siyasa sun cika gari, kowa yana neman wadda ta fi ta ɗan'uwansa tsawo, masu wankin hula ba su da lokacin cin abinci. Ni ma na tanadi ƙube biyu sababbi domin tafiyar. Malam Sada yana da tasa, ɗinkin hannu mai ruwan toka, wadda yake ɗan karkatawa gaba. A shekarun da muka yi tare ban taɓa ganin tsakiyar kansa ba.

Ana saura kwana biyu mu tashi na je Batagarawa in yi sallama da Kawu Ɗanjuma, ƙanen mahaifiyata, manomi, wanda ya yi farauta da ƙuruciya. Bayan mun gaisa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har da akuyar da ya ba uwargidana, sai ya shiga ɗaki ya fito da abu a hannu.

"An ce ƙasar da za ka tahi sanyinta ya hi namu," ya ce. "Riƙe wagga. Sanyi ta kunne shika shiga."

Haɓar kada ce. Ga yaran yanzu da ba su san ta ba, hula ce ta saƙi mai leɓatu biyu a gefe, in ana sanyi a sauke su su rufe kunnuwa, in rana ta yi a naɗe su sama. Mafarauta da tsofaffin ƙauye ne suka fi sa ta. Wannan baƙa ce, ta sha rini ta sha jiki. Na karɓa da hannu biyu na yi godiya. Kafin in kai bakin titi na cusa ta a aljihu. Da na koma gida na rasa abin da zan naɗe makirufon ofis da shi don kada ya bugu a hanya, sai na naɗe shi da ita na jefa ƙasan akwati.

Daga Katsina zuwa Kano tasi muka shiga. Bayan Kankiya taya ta fashe, muka fito muka tsaya a gindin wata tsamiya. Wani Bafulatani mai sayar da shanu da muke tare ya tambayi inda muka nufa da manyan akwatuna haka.

"Rasha," na ce.

"Gaba take da Makka ko baya?"

"Hagu," in ji Malam Sada. "Hagu sosai."

Mutumin ya girgiza kai ya ce Allah ya dawo da mu da imaninmu. Malam Sada ya amsa da amin mai ƙarfi.

Jirgi ya tashi da mu daga Kano, muka sauka a wani birni na Turai muka sake wani, muka isa Mosko da rana tsaka. A wurin duba fasfo wani saurayin soja ne zaune cikin akwatin gilashi. Ya dubi hoto, ya dubi fuska, ya sake duban hoto, har na fara shakkar ko ni ne. Da aka zo kan Malam Sada sai ya nuna masa da yatsa ya cire hula. Malam Sada ya waiwaya kamar mai neman wanda zai yi masa shaida, sannan ya cire. A ranar na san yana da sanƙo.

Wajen kwastan aka buɗe kaya. Kilishi da yaji sun wuce bayan an sansana. Goro ne ya tsayar da mu. Jami'in ya kira wani, wannan ya kira wata. Malam Sada ya ɓare ɗaya ya tauna don su ga ba guba ba ne, ya miƙa wa jami'in ɓari. Ya gatsa, fuskarsa ta tattare wuri ɗaya, abokan aikinsa suka yi ta dariya, aka ce mu wuce da abinmu. Yayin da Malam Sada ya duƙa yana mayar da goronsa cikin ganye, wani jami'in ya zaro makirufo daga akwatina ya warware. Bai kula da makirufon ba. Hular ya ɗaga, ya sa dunƙulen hannunsa a ciki, ya sauke leɓatun, ya nuna tasa hular ta gashi da ke kan tebur, ya yi murmushi. Na ce masa da Turanci tsumma ne kawai, na karɓe na mayar da sauri. Malam Sada bai gani ba.

A waje wani dogon saurayi mai tabarau ya tare mu da Hausa.

"Barkanku da sauka, ya ku baƙi masu daraja. Ina fata hanya ba ta gallabe ku ba."

"Wannan a littafi ya koyo," Malam Sada ya raɗa mini.

Tafintanmu ke nan. Sunansa Pavel, amma ya ce malaminsa na Hausa ya gaya masa a ƙasarmu Bulus ake cewa, don haka Bulus muka kira shi har muka dawo.

Game da sanyin, abin da zan iya faɗa daidai shi ne wannan. Da aka buɗe ƙofar filin jirgi na ja numfashi, sai na ji gashin cikin hancina ya sandare, haƙorana suka ɗauki ciwo kamar na tauna ƙanƙara. Yawu dai ban ga ya daskare kafin ya kai ƙasa ba. Na gwada.

Masaukinmu gidan ɗalibai ne mai hawa tara, mu muna na bakwai. A kowane hawa akwai mace zaune da tebur a bakin matakala, ita ke riƙe makullai, ita ke ba da ruwan zafi, kuma ta san lokacin fitar kowa da dawowarsa fiye da yadda mai unguwa ya san mutanensa. Cikin ɗaki zafi ne har mutum ya kwana da singileti, saboda bututun ruwan zafi da ke bin bango. Tagogi biyu-biyu ne, kuma maƙwabtanmu a jakar raga suke rataye man shanu da nama a wajen taga, sanyin gari ya ajiye musu. Mu ma muka rataye kilishinmu, ya koma kamar fallen kwano.

Abinci baƙin burodi ne mai tsami, da miyar kabeji, da wata jar miya da ake ɗiga wa kindirmo, da dankali safe da yamma. Nama mun bar shi gaba ɗaya, muka koma kifi da ƙwai. Yajin Malam Sada ya yi mana rana. Shayi a kofin gilashi suke sha ba madara. Rana kuwa takan fito a makare ta faɗi da wuri, har azahar da la'asar da magariba suka zama kamar suna riƙe da hannun juna.

Washegari Bulus ya kai mu wani ɗakin ajiya aka raba mana kayan sanyi: doguwar kwat mai nauyin buhun gero, takalma masu gashi a ciki, safar hannu, da hula. Hular ita ce suke kira shafka. Ta fata ce da gashinta, tana da leɓe a goshi da biyu a gefe masu igiya, a ɗaure su a ƙarƙashin haɓa ko a ɗage su a ɗaure a tsakiyar kai. Da na riƙe tawa nan take na san inda na taɓa ganin wannan ɗinki. Na yi sauri na sa ta.

Malam Sada ya juya tasa, ya shafa, ya sansana.

"Malam Bulus, fatar mece ce wannan?"

"Ta zomo ce, ranka ya daɗe."

"Wa ya yanka shi?"

Bulus ya gyara tabarau. Ya ce a masana'anta ake yi, bai san mutumin ba.

"To, mushe ke nan." Ya ajiye ta a kan tebur a hankali.

Na ce, "Malam, ai takalmin ma fata ne, ga shi ka karɓa."

"Takalmi a bakin tabarma ake barin shi. Kan da nake kaiwa ƙasa don Allah, shi zan ɗora wa mushe?"

"Sai ka cire in za ka yi salla. Kuma ai lalura ce."

"Kabiru, ni za ka karantar da babin lalura? Na san ta halatta. Zuciyata ce ba ta kwanta ba."

Haka ya fita da kwat har ƙauri, da safar hannu, da ƙubensa a karkace, kunnuwa biyu a fili.

Tun da aikina kallo ne da tambaya, na sa ido kan kawunan mutane, kuma cikin mako guda na fara karanta su. Ɗalibai da leburori zomo suke sawa. Manyan ma'aikata suna sa wata mai duhu mai sheƙi, wadda Bulus ya ce mutum kan yi shekaru yana burinta. Dattawa da hafsoshi suna da wata ta fatar ɗan rago mai nannaɗadden gashi, ba ta da leɓatu, an lotsa tsakiyarta kamar yadda wasu ke lotsa zanna. Tsofaffin mata mayafin ulu suke yafawa su ɗaure a haɓa. Jarirai kuwa ba ka ganin komai sai hanci. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne samari da yawa suna tafe kunnuwansu jajur, ga leɓatun hula a ɗaure a sama. Na tambayi Bulus dalili.

"A birni, wanda ya sauke leɓatu ana ɗaukarsa tsoho ne ko mutumin ƙauye," ya ce. Nasa ma a sama suke.

Wata al'ada da ba mu da ita: a can tsohuwa tana da ikon tsayar da baƙon da ba ta sani ba a titi ta yi masa faɗa kan sutura. Malam Sada ya sha wannan kusan kullum. Sai ka ga wata ta sha gabansa, ta kama nata kunnen tana ja, tana zuba magana. Shi kuwa sai ya russuna ya ce, "Lahiya lau, Gwaggo, ya jikoki?" ya wuce.

A makarantar da muke kwas, kamar kowane babban gini a garin, akwai kanta a bakin ƙofa inda ake barin kwat da hula a karɓi lamba. Mai kula da wurin wata gajeriyar tsohuwa ce mai haƙorin ƙarfe. Ranar farko ta karɓi kwat ɗin Malam Sada ta miƙo hannu tana jiran hula. Ya dafe kansa. Bulus ya yi bayani cewa a wurinsu rashin ladabi ne namiji ya shiga wurin manya da hula a kai.

"Mu kuma a wurinmu rashin ladabi ne ya shiga babu ita," in ji Malam Sada.

Suna cikin haka carbinsa ya faɗo daga aljihun kwat. Tsohuwar ta ɗauka, ta dube shi, ta faɗi kalma ɗaya da ba ta buƙatar tafinta: "Musulman?" Ashe 'yar ƙabilar Tatar ce, sunanta Zulaiha. Ta ce mahaifinta ma har ya rasu bai taɓa cin abinci ba sai da 'yar hula mai ado a kansa. Ta yi masa alama ya wuce. Daga ranar ta zama Gwaggo Zulaiha, kuma kullum da safe yana ajiye mata ɓarin goro, wanda na tabbata ba ta taɓa ci ba.

Da aka kai mu gaida shugaban makarantar, ni na shiga da hula a hannu kamar yadda aka koya mini. Malam Sada ya tsaya a bakin ƙofa ya cire takalma, ya shiga da safa da ƙube. Shugaban ya dubi ƙafafunsa, ya dubi kansa, ya dubi Bulus. Bulus ya yi dogon bayani. Shugaban ya ce to ai kowa ya cire wani abu, a zauna.

A mako na biyu aka fita da mu koyon ɗaukar sauti a waje, a wata kasuwar manoma. Ma'aunin sanyin da ke jikin ƙofar makaranta ya nuna ashirin da biyu ƙasa da sifiri, na rubuta a littafina. Malam Sada ne riƙe da rikoda. Ya ce abin sauraron da suka ba shi yana ɓoye masa ƙarar iska, ya sauke shi wuya, ya ci gaba da aiki da kunnensa kamar yadda ya saba. Mun yi kamar minti arba'in. Na tambaye shi ko kunnen bai dame shi ba, ya ce ɗazu yana zafi, yanzu ya daina, ya saba ke nan. Ni ma na ɗauka labari ne mai daɗi.

Wata mai sayar da kabeji ce ta ƙwala ihu tana nuna shi. Na duba. Gefen kunnensa na hagu ya yi fari fat kamar kyandir. Bulus ya jefar da jakarsa, ya rufe kunnen da tafin hannunsa, ya ja shi da gudu zuwa cikin wani kanti. Da ɗumi ya fara shiga, na ga Malam Sada ya dafe bango, hawaye na zuba, bakinsa na motsi da salati. Kafin la'asar kunnen ya kumbura ya yi bororo.

Likitar makarantar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta bakin Bulus ta ce gefen kunnen ya riga ya mutu, zai bushe ya faɗi. In sanyi ya sake kama wurin, sauran zai bi, kuma ba ta da tabbacin abin da zai sami jinsa. Ta ba shi kwana uku a ɗaki. Bayan haka ba za ta sa hannu ya fita ba sai ta ga abin da zai rufe kunnuwansa da idonta. Wanda kuma bai iya zuwa aji, dokar makaranta ita ce a mayar da shi gida.

Bulus ya shiga zirga-zirga. Ranar farko ya kawo hular ulu saƙaƙƙiya mai tuntu a sama. Malam Sada ya riƙe ta da yatsu biyu.

"Irin wagga aka sa wa jikana ranar suna."

Washegari ya kawo mayafin mahaifiyarsa. Malam Sada ya yi godiya sosai, ya ce a gaida Hajiya, amma bai kai ga ɗaura ɗankwali ba tukuna. Ni kuma na ce ga dogon ƙyallen wuya, me zai hana ya naɗa shi kamar rawani ya rufe kunnuwa.

"Wa ya naɗa ni? Ba sarauta gare ni ba, ban kai malamin da za a ba rawani ba. Wani ya ɗauki hoto ya kai Katsina, in ce da mutanen Gobarau mi?"

A nan ne nawa laifin yake. Duk kwanakin nan na san abin da ke ƙasan akwatina. Tun ranar da aka raba kaya na tuna da ita. Na gaya wa kaina cewa mutumin da ya ƙi hular zomo da ta ulu, in na miƙa masa hular mafarauta zai ɗauka raini ne. Wannan rabin gaskiya ne. Ɗaya rabin shi ne na sha jin 'yan cikin birni suna tsokanar mutanen Batagarawa, kuma ban so babban abokin aikina ya san irin guzurin da dangin uwata suka yi mini ba.

Da safiyar kwana na uku na tarar yana ninke kayansa.

"Ba komai," ya ce. "Wanda ya kawo ni shi ya ƙaddara kwanakina a nan. Ɗauko makirufon ofis in nuna maka yadda za ka riƙa goge shi, tun da kai za ka zauna da shi."

Ba ni da hanyar ƙi. Na buɗe akwati, na ɗauko, na warware a gabansa. Bai karɓi makirufon ba. Hular ya ɗauka, ya shimfiɗa ta a gwiwarsa, ya miƙar da leɓatun da yatsa.

"Wagga ta wa ce?"

"Kawuna ne ya ba ni."

"Yaushe?"

"Kafin mu taso."

"Tun Katsina tana cikin akwatin ga?"

Na ce e.

Ya sake shafa hular. Sannan ya ce, "Mahaifina da irin wagga yake fitowa karatun asuba duk lokacin sanyi. Sai rana ta fito yake naɗa rawani. Auduga ce, noman mutanenmu, saƙar mutanenmu. Kabiru, mi na yi maka?"

Na fara bayanin cewa na ji tsoron zai ga raini. Ya ɗaga hannu.

"Bari. Kunya ka ji. Miƙo madubi."

Ya sa ta a hankali saboda bandeji, ya sauke leɓatun. Ta zauna kamar don shi aka ɗinka.

Da Bulus ya zo ya gani sai ya yi tsaye baki buɗe, ya ce, "Ashe kuna da shafka!" Amma da ya murza ƙyallen ya ce likita ba za ta yarda ba, ya yi shara-shara, iskar garin za ta ratsa shi kamar rariya. Ya ɗauki hular ya ce yana zuwa. Da rana ya dawo tare da Gwaggo Zulaiha, ta hau bene bakwai tana haki, da allura da wani tsohon mayafi mai laushi a jaka. Kafin ta sa almakashi Malam Sada ya tambaya gashin mene ne. Ta ce na akuya ne, da rai ake taje shi daga jikinta da bazara, ƙanwarta ce ke kiwon su a ƙauye.

"Da rai?"

Ta kwaikwayi kukan akuya, ta yi alamar tana gudu bayan an sake ta. Malam Sada ya yi dariyar farko cikin kwana uku, ya ce bismilla.

Ta zauna a bakin gadona ta yi wa hular shafi ninki biyu daga ciki, ta ƙara tsawon leɓatun, ta ɗinka musu igiya. Tana ɗinki tana yi masa faɗa da harshensu, yana amsawa da "Gaskiya ne, Gwaggo." Bulus ya so ya fassara, suka ce ya bari.

Washegari likita ta juya hular ciki da waje, ta sa masa da hannunta, ta ɗaure igiyar a ƙarƙashin haɓarsa tamau, ta ja ta ga ba ta motsi, sannan ta sa hannu a takarda.

Sauran wata biyu da rabi haka ya yi su. A titi haɓar kada, leɓatu a sauke. A bakin kanta ya miƙa wa Gwaggo Zulaiha ita ya ɗauko ƙube daga aljihu. Tsofaffin titi suka daina tsayar da shi, sai dai wasu su taɓa ƙyallen a jirgin ƙasa su tambayi Bulus daga wace jiha ta ƙasarsu mutumin ya fito. Ni ma daga ranar na kwance igiyar tawa na sauke leɓatu. Bulus ya riƙe nasa a sama har mako guda, sannan wata safiya muka gan shi ya sauke, ya ce mura ce ke damunsa. Gefen kunnen ya bushe ya faɗi kamar yadda likita ta ce, wurin da bai fi ƙwayar gyaɗa ba. A jarrabawar ƙarshe aka sa wa masu ɗaukar sauti faifai mai kurakurai a ɓoye, Malam Sada ya fitar da duka, ya ƙara da ɗaya da malamin bai san da shi ba.

Mun sauka Kano cikin zafin bazara da kwat a hannu, 'yan dako suna kallonmu. Bayan kwana biyu da isowa gida Malam Sada ya ce in raka shi Batagarawa. Muka tarar da Kawu Ɗanjuma a ƙofar gida yana gyaran fartanya. Aka shimfiɗa tabarma, aka gaisa, aka sake gaisawa. Malam Sada ya fito da hular ya ajiye a gabansa, ya ba shi labari tun daga ɗakin rabon kaya har zuwa likita. Bai faɗi inda hular ta kwana mako biyu ba, ya ce dai an daɗe ba a tuna da ita ba.

Kawu ya juya ta, ya shafa shafin gashin akuyar, ya duba ɗinkin kusa da idonsa.

"Wagga mata ta iya allura. Can ma sun san haɓar kada?"

"Har manyansu, Baba," in ji Malam Sada. "Sai dai tasu ta zomo ce."

"To, riƙe ta, Malam. Ta zama taka." Ya matso ya kama kunnen Malam Sada na hagu, ya bi gurbin da babban yatsa. Sannan ya juyo ya dube ni, ba da fushi ba.

"Ai biyu na tanada, Kabiru, da kai da abokin tahiyarka," ya ce. "Da na ga yadda ka karɓi ta hwarko, sai na bar ɗayar a ɗaki."